Batman ko Black Panther? Gardamar 'yan tubalan roba ta shigo Zongon Kumasi

Duk wanda ya saba zama a bes na matasa a Aboabo ko Asawase bayan sallar isha ya san yadda hira take tafiya. Ana kaɗa ataya, ana musu a kan Kotoko da Hearts, ko Barcelona da Madrid, sai kofi na uku ya zagayo kowa ya kama hanyar gida. Yanzu kuma wani sabon musu ya samu wurin zama a kan benci: wa ya fi wani tsakanin jaruman Marvel da na DC, wane fim ne ya lalata labarin da ke cikin littafi, kuma wane akwatin tubalan wasa ne na gaske, wane ne jabu.

Wani zai ce ai wannan maganar yara ce. To amma masu musun da yawansu sun yi gemu, wasu ma da 'ya'yansu. Kuma idan Sallah ta matso, su ne ake ja wa riga a kasuwa a ce sai an sayi Spider-Man.

Daga buloman zuwa Iron Man

Son fim ba baƙon abu ba ne a Zongo. Iyayenmu sun yi layi a sinimar Roxy don kallon fim ɗin Indiya. Daga baya, a shekarun 1980 da 1990, gidajen bidiyo suka cika unguwanni, da manyan hotunan talla da masu zane suke yi da fenti a kan buhun fulawa. A lokacin rabon aiki a fim biyu ne kawai: akwai buloman, akwai kila. Kowane yaro ya san buloman ba ya mutuwa, ko da an harbe shi sau goma.

Jaruman da ake musu a kansu yau sun girmi gidajen bidiyon nan nesa ba kusa ba. Superman ya fito a littafin zane a Amurka a 1938, Batman ya biyo baya a 1939, dukansu na kamfanin DC. Spider-Man na Marvel ya zo a 1962. Abin da ya canja shi ne fim ɗin Iron Man na 2008, wanda da shi Marvel ya fara saƙa finafinansa kamar tabarma, wannan labari ya shiga cikin wancan, har aka kai ga Avengers: Endgame a 2019. Disney ya sayi Marvel a 2009 a kan kuɗi kimanin dala biliyan 4. Tun daga nan fim da kayan wasa da riga da jakar makaranta suka zama kasuwa guda.

Mutanen Marvel a bes hujjarsu ita ce labarin yana da tsari, kuma akwai ban dariya. Mutanen DC kuwa sukan ce Batman ya fi kowa, don ba shi da wani ƙarfi daga sama, kwanya ce da kuɗi da naci. Sai a mayar musu da cewa to ai Iron Man ma haka yake. Daga nan murya ta tashi, mai ataya ya ce a yi haƙuri, maƙwabta sun kwanta.

Inda LEGO ya shigo

LEGO kamfani ne na ƙasar Denmak. Wani kafinta, Ole Kirk Christiansen, ya kafa shi a garin Billund a 1932, yana sassaƙa kayan wasa na katako. Tubalin roba mai ƙusoshi a sama da bututu a ciki, wanda ake dannawa ya kama ɗan'uwansa, an yi masa rajista a 1958. 'Yan mutanen nan masu hannu kamar ƙugiya sun zo a 1978. Akwatunan Batman sun fara fita a 2006, sannan a 2012 aka buɗe jerin jarumai na Marvel da DC gaba ɗaya.

A nan ne musun fim yake komawa musun aljihu. Ginin Daily Bugle, gidan jaridar da ke labarin Spider-Man, wanda aka fitar a 2021, yana da tubali 3,772 da 'yan mutane 25, kuma an fara sayar da shi a kan dala 300. Hasumiyar Avengers ta 2023 tana da tubali 5,201, kuɗinta dala 500. Ka juya wannan zuwa sidi, ka ƙara kuɗin jirgi da na kwastan, sai ka ga kuɗin hayar ɗaki na watanni ne a cikin kwali ɗaya. Irin waɗannan manyan akwatuna dama don manya masu tarawa aka yi su. A Zongo, na gaske yakan shigo ne ta hannun ɗan'uwa da ke Jamus ko Italiya ko Amurka, ko kuma a tsince shi warwatse cikin dilar kayan gwanjo, rabi ya ɓata, babu takardar haɗawa.

Abin da ya fi yawa a teburan kasuwa shi ne kwaikwayo. Tubalin kansa ba laifi ba ne a yi irinsa, domin kariyar da doka ta ba wa ƙirar ta ƙare tuntuni, kuma akwai kamfanoni da ke yin nasu da izini. Laifin yana wajen kwafe zanen akwati da jarumai. Shahararren misali shi ne Lepin na ƙasar Sin, wanda 'yan sanda suka kai wa masana'antarsa samame a 2019, daga baya kotu ta ɗaure mai shi.

Ni kaina na taɓa faɗawa. Ana gobe Sallah na saya wa ɗan ƙanwata akwatin motar Batman a wani shago cikin gari, hoton kwalin kamar ya yi magana. Muka zauna a tabarma muka kai shafi na ƙarshe, sai ga taya uku maimakon huɗu, rufin kuma ya ƙi zama. Yaron bai yi kuka ba. Ya tashi ya yanko tsohon silifa ya yi taya ta huɗu. Wallahi wannan ya fi burge ni fiye da motar.

Ga mai son ganewa: tubalin LEGO na gaske yana da sunan kamfanin a rubuce a kan kowace ƙusa, ƙanana amma ana gani. Na jabu sau da yawa ko ya yi sako-sako ko ya yi tauri har yaro ya sa haƙori. Kuma ko na gaske ko na jabu, kada a bar ƙananan tubala kusa da yaron da bai kai shekara 3 ba. Gidajenmu na haya ne, tsakar gida ɗaya, jaririn maƙwabciya yana rarrafe ko'ina, komai ya gani baki zai kai.

Jarumin da ya yi kama da mu

Babu fim ɗin da ya ɗaga musun nan kamar Black Panther na 2018. Stan Lee da Jack Kirby ne suka ƙirƙiro shi tun 1966, amma sai da Ryan Coogler ya ba da umarni, Chadwick Boseman ya hau matsayin T'Challa, sannan duniya ta waiwayo. Fim ɗin ya tara sama da dala biliyan 1.3, kuma Ruth Carter ta ci kyautar Oscar saboda tufafin da ta tsara, inda ta ɗebo daga kente da rawunan Buzaye da bargunan Lesoto. Mutumin Kumasi da Bonwire ke bayan gidansa ba ya buƙatar a nuna masa kente. Rasuwar Boseman a watan Agusta 2020 ta taɓa matasa da yawa a nan kamar wani nasu ne ya tafi.

Gana tana da ƙafa a cikin waɗannan finafinai. Abraham Attah, yaron da ya yi suna a Beasts of No Nation, ya fito a Spider-Man: Homecoming a 2017. Michaela Coel, wadda iyayenta 'yan Gana ne, ta fito a Wakanda Forever a 2022. 'Yan matanmu kuma suna da tasu: Kamala Khan, wato Ms. Marvel, yarinya Musulma 'yar asalin Pakistan da ke zaune a Amurka, wadda littafinta ya fara fita a 2014, shirinta na talabijin a 2022. Yarinya ce da ke zuwa masallaci, tana fama da dokokin gida, tana rayuwa cikin mutanen da ba addininsu ɗaya ba. 'Yar Zongo ba sai an fassara mata wannan ba.

Sai dai masu zurfin tunani a bes sukan jefo tambaya: Wakanda ɗin nan ta wa ce? A Amurka aka ƙirƙire ta, a can ribar take sauka. Mu namu saye ne kawai.

Amsar tana kusa fiye da yadda ake zato. Eyram Tawia, wanda ya yi karatun kwamfuta a KNUST nan Kumasi, shi da Wesley Kirinya na Kenya suka kafa Leti Arts a 2009, suka mayar da Ananse jarumin littafin zane da wasan waya. Ananse kuwa ɗan'uwan Gizo ne na tatsuniyarmu. Farida Bedwei ta ƙirƙiro Karmzah a 2018, jaruma mai lalurar da ke sa ta tafiya da sanduna, kuma a sandunan ƙarfinta yake. Roye Okupe ɗan Najeriya kuma ya ƙirƙiro Malika, sarauniya mayaƙiya da ya gina a kan tarihin Amina ta Zazzau. Ga Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu suna nan suna jiran mai zane. Me ya hana ya fito daga Sabon Zongo?

Abin da iyaye ke tambaya

Akwai uwayen da ba kuɗi ne damuwarsu ba, siffa ce: ya halatta a ajiye 'yan mutum-mutumin nan a ɗaki? Malamai da yawa sun sassauta a kan kayan wasan yara, suna kafa hujja da 'yan tsanar da Nana A'isha ta yi wasa da su tana ƙarama. Sun fi tsanantawa idan babba ne ya jera su a kabad don ado. Wanda abin ya shige masa duhu ya tambayi malaminsa. Haka kuma ba kowane fim ɗin jarumai ne na yara ba: Deadpool da Joker na manya ne zalla, ko da kuwa an ga fuskokinsu a jakar makaranta. Kafin a miƙa wa yaro waya, a duba.

Amma kada tsoro ya sa a jefar da abin da ke da amfani. Mu da muka taso muna yin mota da gwangwanin madara da waya da tayar silifa mun san daɗin abin da hannu ya haɗa. Yaron da zai zauna awa biyu yana bin zane shafi bayan shafi, yana ƙirga ƙusoshi, yana warwarewa idan ya yi kuskure, yana koyon abin da masu gyaran mota a Suame Magazine suke ci da shi. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Shawarar da masu tarawa suka fi bayarwa mai sauƙi ce. Maimakon babban kwali mai hoton jarumi wanda za a haɗa sau ɗaya a ajiye, a nemi tubala warwatse a gwanjo, a wanke su da ruwan sabulu, a zuba a roba ɗaya yaran gida su yi tarayya. Idan sun gama motar Batman, a ce su rushe ta su gina trotro, ko rumfar Kejetia, ko babban masallaci. Musun Marvel da DC dai ba zai ƙare ba, gobe ma za a dasa daga inda aka tsaya, da zarar an ɗora butar ataya.