Mashi ko ƙugiya: gardamar masunta bisa ƙanƙara

A jihar Minesota ta arewacin Amurka, tabkuna suna daskarewa lokacin ɗari har mota ta hau bisansu. Masunta suna fasa rami cikin ƙanƙarar don su kama fayik, wani dogon kifi mai kaifin haƙora da ke cin ƙananan kifaye.

Wasu suna zura ƙugiya. Wasu kuwa suna shiga ƴar bukka mai duhu, su saka kifin katako cikin ruwa; in fayik ya matso, sai su soke shi da mashi. Ƴan ƙabilar Ojibuwe sun san wannan dabara tun kafin zuwan Turawa.

To, ina gardamar take? Manyan fayik yawancinsu mata ne, kuma su ke rage yawan ƙanana. In manya sun ƙare, sai tabki ya cika da ƙananan da ba su girma. Mai ƙugiya yana iya auna kifi, ya mayar da shi ruwa da ransa. Wanda mashi ya soka ba ya komawa.

Masu mashi suna cewa su suna ganin kifi kafin su jefa, suna iya ƙyale babba ya wuce, kuma kifin da ya haɗiye ƙugiya shi ma yakan mutu. Haka ne, sai dai ido cikin ruwa ba ma'auni ba ne.

A 2018 hukumar jihar ta sake doka. A yankin arewa ta tsakiya, dole mai ƙugiya ya saki fayik mai tsawon santimita 56 zuwa 66. Mai mashi kuwa an yarda ya riƙe guda ɗaya.