Bioman ko Power Rangers: gardamar da ke da ƙamshin kasuwa

Daga Yamai zuwa Maraɗi, har Korahane ta ƙasar Dakoro, wayar salula ta kai wa yara hotunan wasu jarumai masu hular ƙarfe da tufafi kala-kala. Inda duk masoyansu suka haɗu, gardama ɗaya ce ke tashi. Manya da suka yi lakwal a shekarun 1980 suna cewa Bioman ne na asali, ƙannensu kuma suna rantsuwa da Power Rangers. Kowa da gaskiyarsa, amma tushen maganar yana can ƙasar Japon.

Japonawa suna kiran irin wannan wasa "tokusatsu", wato fim mai dabarun hoto. Mutane ne na gaske ke shiga cikin kayan dodo, suna rushe ƙananan gidaje da aka ƙera domin su yi kama da birni. Ultraman ya fito a 1966, Kamen Rider a 1971. A 1975 kamfanin Toei ya fitar da Goranger, ƙungiyar jarumai biyar, kowane da launinsa. Daga nan aka samu zuriyar Super Sentai, wadda ta cika shekara 50 a 2025. Bioman na 1984, mai kashi 51, ɗa ne a wannan gida, kuma shi ne na farko da ya sa mata biyu cikin ƙungiya.

Ta hanyar Faransa masu jin Faransanci suka san su, kuma a can aka sake musu suna. Gavan na 1982 ya koma X-Or a tashar Antenne 2 a 1983. Bioman ya shiga Canal+ a 1985, sannan shirin Club Dorothée na TF1 ya ɗaukaka shi daga 1987. Da aka ga sunan ya karɓu, sai aka liƙa wa Maskman "Bioman 2", Liveman kuma "Bioman 3", alhali labarinsu dabam ne. Ɗan kasuwar da ya san yadda ake canza wa atamfa tambari ba zai yi mamaki ba.

Amurkawa sun wuce nan. A 1993 Haim Saban ya ɗauki hotunan faɗa na Zyuranger, wanda Toei ya yi a 1992, ya haɗa su da ƴan wasan Amurka, ya kira abin Power Rangers. Ke nan idan jarumi ya sa hula, sau da yawa Bajapone ne ke ciki. Idan ya cire ta, sai a ga Ba'amurke. Bioman da Power Rangers ƴan gida ɗaya ne, hanyar fatauci ce ta raba su.

Me ya sa ake canza jarumai kusan kowace shekara? Saboda kamfanin Bandai yana sayar da ƴan tsana da mutum-mutumin da aka gani a fim, sabon jarumi kuwa sabuwar haja ce. A 2018 kamfanin kayan wasa na Hasbro ya sayi Power Rangers a kan dalar Amurka miliyon 522.

Akwai masu ƙorafi tun da daɗewa. A 1989 ƴar siyasar Faransa Ségolène Royal ta wallafa littafi tana sukar yawan faɗa a shirye-shiryen yara, musamman na Japon. Masoya suna mayar da martani cewa darasin a fili yake: mutum ɗaya ba ya kayar da dodo, sai biyar sun haɗa ƙarfi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ya rage ga iyaye da malaman makaranta su zauna su kalli kashi ɗaya tare da yaro, su nuna masa cewa mai tsallen nan horarren ɗan wasa ne, kada ya gwada daga kan katanga. Su kuma tuna cewa bayan an kashe dodo, talla ce ke biyowa, kuma aljihun uba take nema.