Girka ko Turkiyya: A Ina Za Mu Ɗauki Hayar Jirgin Ruwa Mu Yi Mako Guda a Teku?

Masu cewa data ba ta isarsu sauraron murya, ga rubutun shirinmu na wannan makon kamar yadda muka saba.

Yau teku za mu shiga. Wata 'yar'uwa ce ta turo min saƙo, ta ce su takwas ne, ƙawaye huɗu da mazajensu, sun kusa shekara biyu suna adashi don su yi hutu na daban. Sun ga bidiyon mutane a kan farin jirgin ruwa, suna so su ma su ɗauki hayar irinsa su yi mako guda a Bahar Rum, amma gardama ta raba su: rabi na cewa Girka, rabi Turkiyya. To 'yar'uwa, na taka duka biyun. Turkiyya na je lokacin ina karatu a can, Girka kuma daga baya tare da abokan aiki. Kuɗin adashin shekara biyu ba abin wasa ba ne, don haka zan faɗa miki abin da na gani, har da wanda ba ya fitowa a bidiyo.

Bari mu fara da yadda hayar take. Jirgin da muke magana ƙarami ne, mai tafiya da iska, yana da inji kuma. A cikinsa akwai ɗakunan kwana uku ko huɗu, ɗan kicin da banɗaki. Galibi daga Asabar zuwa Asabar ake ba da shi. Ko dai ku karɓe shi ku tuƙa da kanku, wanda sai mai lasisin tuƙin jirgi ake ba wa, a Girka ma sai an ga mutum na biyu da ya san aikin. Ko kuma ku ɗauka da matuƙi, ku biya shi kuɗin kowace rana, ku ciyar da shi, ku bar masa wurin kwana. Ku lura da wannan na ƙarshen, don ku takwas ne, idan ɗakuna huɗu ne kun cinye su. Wurin da ake ajiye jiragen kuma sunansa marina, kar Bakano ya ɗauka ta Ƙofar Mata ce, babu baba babu shuni, sai jirage jere kamar motoci a tasha.

To, abin da zai raba muku gardama shi ne iska. Ni ma da farko ban ɗauke ta a bakin komai ba.

Hoton da kowa yake gani na Girka, fararen gidaje da shuɗin rufi, na tsibiran Kiklades ne da ke tsakiyar Tekun Ejiyan, su Mikonos da Santorini. A nan akwai wata iska da ake kira meltemi. Daga arewa take tasowa, busasshiya, tana ƙarfi a watan Yuli da Agusta, daidai lokacin da kowa yake hutu. Sararin sama garau, rana ƙwal, ba hadari ba komai, amma teku na tafasa. Kuma ba ta awa ɗaya ba ce, tana iya kwana uku, huɗu tana kaɗawa.

Mu a Agusta muka je. Kwana biyu na farko lafiya lau, muna gangarawa kudu iska na tura mu ta baya, har muna cewa ashe abin ba wuya. Rana ta uku ta juyo mana. Wallahi a cikin mu shida mutum ɗaya ne bai yi amai ba, shi ne matuƙin. Wani abokina da ya fi kowa cika baki a marina, shi ne ya kwanta a ƙasa rungume da bokiti yana kiran sunan mahaifiyarsa. Matuƙi ya shigar da mu wata ƙaramar tasha ya ce ba inda za mu sai ta lafa. Kwana biyu cur muka yi a ɗaure, cikin kwana bakwai da muka biya. Sannan dawowa arewa kenan za ka fuskanci iskar gaba da gaba, kuma dole ka mayar da jirgi ranar Juma'a da yamma ko ta halin ƙaƙa. Santorinin da muka ci buri ma ba mu gan ta ba. Matuƙin ya ce ko da mun isa, ramin dutse mai aman wuta ne ruwa ya cika, zurfinsa ya yi yawa, sakin anka a wurin wahala ne.

Kada wannan ya sa ku soke Girka gaba ɗaya. Ƙasa ce mai tsibirai kusan 6,000 manya da ƙanana, sama da 200 ne ke da mutane, kuma ba duka ke cikin Ejiyan ba. Ta yamma akwai Tekun Iyoniya: Korfu, Lefkada, Kefaloniya, Itaka. Meltemi ba ta kai nan. Da safe ruwa kwance kamar tabarma, bayan azahar iska mai sauƙi ta taso, da magariba ta kwanta. Tsibiran kusa da juna suke, awa biyu ko uku ka isa na gaba. Jirgin irin wannan fa ba gudu yake ba, wajen kilomita 10 zuwa 12 a awa, mai keke mai ƙwazo zai wuce shi. Shi ya sa tazara take da muhimmanci. Da yamma ka ɗaura jirgi a bakin wani ƙauye, ka taka ƙafa biyu kana gaban mai shayi. A nan Girka ta fi, kowane dare sabon gari.

Turkiyya kuma salonta daban. Ba tsalle daga tsibiri zuwa tsibiri ba ne, bin gaɓa ake yi, daga Bodrum zuwa Marmaris, Gojek, Fetiye har Kash. Gaɓar ta lanƙwashe ta yi lunguna barkatai, duwatsu da itatuwa sun kare su daga iska. Meltemi na taɓa wajen Bodrum, amma a tsakanin Gojek da Fetiye ruwan a killace yake, mai tsoron jiri zai samu sauƙi ƙwarai. Kwana ma a lungu ake yi, a saki anka ta gaba, a ja doguwar igiya ta baya a ɗaure a dutse. Da asuba ba ka jin komai sai ƙarar ruwa. Wasu lungunan akwai gidan abinci mai ɗan gadar katako, ka ɗaura jirginka kyauta muddin a wurinsu za ka ci. Ga tarihi a kan hanya: kaburburan mutanen Likiya da aka sassaƙa a jikin dutse a saman garin Fetiye, da Kekoba inda kake hango ragowar ginin tsohon gari a ƙarƙashin ruwa.

Sannan Turkawa suna da gulet. Babban jirgin katako ne mai faɗi, wanda aka san Bodrum da ƙera shi. Wannan yawon suna kiransa Mavi Yolculuk, wato shuɗiyar tafiya, kuma ana danganta farkonsa da marubucin nan Cevat Şakir, wanda aka kora zuwa Bodrum a 1925, ya ƙaunaci wurin ya riƙa fita teku da abokansa a jiragen masunta. Gulet da ma'aikatansa yake zuwa: kyaftin, mai dafa abinci, da yaron jirgi. Ba ruwanku da igiya, ba ruwanku da wanke-wanke. Sai dai in gaya muku gaskiya, yawancinsu da inji suke tafiya, za ku iya gama mako ba a buɗe tantin iskar ba ko sau ɗaya. Wanda yake son ya koyi tuƙi da iska zai ji an cuce shi. Wanda hutu ya kawo shi kuwa, ko a jikinsa.

Akwai kuma hayar ɗaki ɗaya a gulet, ku haɗu da baƙi. Yana da araha, amma ku yi tambaya kafin ku biya, don wasu na matasan Turawa ne masu kiɗa da shaye-shaye har asuba. Tunda ku takwas ne, ku ɗauki jirgi sukutum naku, matan ma sun fi sakewa su yi iyo ba idon kowa.

Mu zo kan biza, don mai koren fasfo ba ya tsallake wannan. Duka biyun sai da ita. Girka tana cikin Shengen, kuma tun watan Yunin 2024 kuɗin neman bizar ya koma yuro 90, in an hana ka ba a mayarwa. Ku takwas, a ba shida a hana biyu, an riga an biya kafin alƙalamin jirgi, yaya kenan? Don haka kada ku tura wa kamfani kuɗi sai kun karanta sharaɗin fasa tafiya da idonku. Turkiyya ba ta cikin Shengen, bizarta daban ce, kuma Turkish Airlines na tashi daga Abuja da Legas kai tsaye zuwa Istanbul, daga nan ku hau na cikin gida zuwa Dalaman, wanda ke kusa da Gojek. Wani zai ce ai tsibirin Kos ga shi nan ana hango shi daga gaɓar Bodrum, Rodos ma ba nisa da Marmaris, sai mu haɗa biyun. A taswira haka ne. A zahiri tsallaka iyaka ne, da jami'an shige da fice, da takardun jirgi, da biza biyu a fasfon kowa. A tafiyar farko ku manta da wannan.

Abinci da salla kuwa, a nan Turkiyya ta yi nisa. Nama ba sai ka yi ta tambaya ba, kuma duk garin da kuka sauka akwai masallaci, Juma'a ba za ta wuce mazan ba. A Girka, tsiren nan nasu da ake kira suflaki da kuma giros galibi naman alade ne in ba ka ce na kaza ba. Mu kifi, salak da burodi muka yi ta ci, da daɗi kam, amma a rana ta biyar na fara mafarkin kilishi. A tsibiran Iyoniya kuma da wuya ka ji kiran salla. Wani abu da ban taɓa tunani ba sai da na shiga jirgi: in anka ɗaya ce ta riƙe shi, juyawa yake yi da iska, ka tayar da salla kana kallon alƙibla ka sallame kana kallon wani wajen. Ɗaurin gaba da baya irin na Gojek ya raba ni da wannan. Ruwan daɗi kuma a tanki yake, yana ƙarewa, mu da ruwan teku muke alwala.

Batun kuɗi, kada ku ce Turkiyya ai lira ce, araha. Hayar jirage a can ma da yuro ake yanka ta, kuma tsadar kaya ta taɓa gaɓar sosai. Abin da za ku tambaya a ko'ina shi ne me ke cikin farashin: mai, kuɗin kwana a tasha, sharar ƙarshe, abinci, ladan ma'aikata. Jirgin da ba gulet ba kuma akwai kuɗin jingina da ake riƙewa a kati. Mu an zaftare mana wani abu a kai saboda wani ƙarce a gefen jirgi da na rantse mun same shi a haka, amma ba mu da hoto. Ranar karɓa ku zagaye jirgin da waya, ku ɗauki bidiyon kowane lungu.

To 'yar'uwa, ga nawa ra'ayin. Ku takwas, ba wanda ya taɓa kwana a ruwa, kuna son natsuwa da abincin da ba za ku yi shakka ba: ku ɗauki gulet daga Gojek ko Fetiye, a watan Yuni ko Satumba, zafi ya yi sauƙi, cunkoso ya ragu, a Satumba ma ruwan ya fi ɗumi. In kuwa mazan sun dage sai sun ja igiya da hannunsu, kuma kowa ya samu Shengen, to Lefkada, da matuƙi. Kiklades a Agusta dai ban ba ku shawara ba, sai in kuna da bokiti takwas.

Ku sayi maganin jiri tun daga gida, a sha kafin jirgi ya tashi, ba bayan ciki ya fara juyawa ba. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a gaida mutan gida.