Sayen Shanun Nama Ruwa-Biyu: Baƙo Ko Da Ido Makaho Ne

Daga Wakilinmu

Ma'aikaci da yawa, in lokacin ritaya ya gabato, yakan ƙudura zuba kuɗin sallamarsa a kiwon shanun nama, musamman ruwa-biyu, watau waɗanda aka haɗa jinin shanun Turai da na masu tozo. Dalili kuwa shi ne saurin girmansu. Amma sau da yawa bijimin da ya cika ido a gonar da aka saye shi, kafin damina ta fita ya rame ko ya faɗi, domin an raba shi da ƙasar da ya saba.

Wannan matsala ba sabuwa ba ce. A Afirka ta Kudu, shanun Ingila sun kasa jure zafi da kaska a yankunan arewacin ƙasar. Daga 1937 Farfesa Jan Bonsma ya shiga gwaje-gwaje a tashar bincike ta Mara, har ya samar da irin da ake kira Bonsmara, wanda kashi 5 cikin 8 na jininsa na shanun gida ne, Afrikaner, sauran kashi 3 kuwa na Hereford da Shorthorn. A Amurka kuwa, irin Santa Gertrudis da aka amince da shi a 1940 yana da kashi 3 ne kawai cikin 8 na jinin Brahman mai tozo. Watau dai ƙasa ce ke yanke yawan jinin baƙo da dabba za ta iya ɗauka.

Saboda haka tambayar farko ga mai saye ita ce asalin dabbar. Wane iri ne ubanta, wace ce uwarta, kuma a ina ta tashi? A ƙasarmu, jinin Bunaji ko Bokolo shi ne garkuwa daga zafi. Inda tsando ya yi yawa kuwa, har masu tozon ma sammore na kayar da su, sai irin N'Dama ne ke jurewa.

Lokacin ƙaura ma abin lura ne. Sanyin hunturu ya fi dacewa, domin kaska da ƙudaje sun ragu, ciwon kirci kuma, wanda ya fi addabar masu jinin Turai, da damina yake ƙamari. Maraƙin da aka haifa a wuri yakan samu kariya daga cututtukan kaskar wurin tun yana ƙarami, alhali babbar dabba baƙuwa ba ta da wannan gata.

Da isowarsu sai a keɓe su daga garke har mako 3 ko 4, a samar musu inuwa da ruwa mai tsabta. A kira likitan dabbobi ya yi musu allurar ciwon huhu da harbin daji, ya ba da maganin tsutsa da na kaska. Abinci kuma a sauya shi sannu a hankali cikin mako 2 zuwa 3, a fara da ciyawa da harawa kafin a ƙara dusa, domin ƙwayoyin da ke narkar da abinci a tumbinsu su saba.

Wanda ke shakka ya nemi shawarar Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi da ke Shika, kusa da Zariya, tun kuɗinsa na aljihu. Ya kuma fi masa alheri ya fara da kai biyu ko uku, ya ga yadda suka ƙetare damina guda, kafin ya zuba abin da ya tara cikin shekaru 35 na aiki.