Hatimin Ɓera

Uwargida a garin Rusairis na bakin kogin Nil Azraƙ in ta kwance bakin buhun dawa zarni ya buge ta, takan ce ɓera ya ci ya ƙoshi, ya kuma yi fitsari don ƙeta. Alhali ba ƙeta a ciki. Hatimi ya buga, don duk ɓeran da ya biyo bayansa ya san wurin da mai shi.

Hausawan bakin Nil Azraƙ, tun daga garin Mai Wurno da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903 har zuwa ƙauyukan da ke kusa da madatsar Rusairis ta 1966, sun san ɓeraye kala-kala. Akwai na ciyawa mai yawo da rana, wanda ke fitar da 'yan hanyoyi a gefen magudanun ruwan yankin Jazira. Akwai mai nonuwa da yawa, gwanin haihuwa, da baƙar laka in ta tsage da rani take ba shi rami kyauta. Sai ɗan ƙaramin na cikin ɗaki, wanda a kansa masana suka fi yin bincike.

Ɓeran da ke fita cikin duhu ba ya dogara da ido. Ɓera na da ire-iren na'urar jin ƙamshi a hanci fiye da 1,000, mutum kuwa wajen 400, ga kuma wata 'yar gaɓa a ƙasan hancinsa wadda aikinta gane warin 'yan'uwa. Asali fitsari shara ce da jiki ke zubarwa, amma sharar na ɗauke da labarin mai ita, ko namiji ne ko mace, ko lafiyayye ne. Waɗanda suka iya karanta labarin suka fi samun abokan barbara, suka kauce wa faɗan da ba za su ci ba, a haka ɗabi'ar ta kafu. Hantar namiji har wani sinadari take haɗawa na musamman, ta tura shi cikin fitsari, ya riƙe warin yana sakinsa sannu-sannu bayan ɗigon ya bushe.

Jaririn ɓera bai san wannan ba. Tsirara ake haifarsa, ido a rufe, ko fitsari ba ya yi sai uwar ta lashe shi. Sai ya kusa balaga, wajen mako 5 zuwa 6, yake fara ɗiga alama, in kuwa aka dandaƙe shi ɗabi'ar takan ja baya. A 1973 wani bincike a Amurka ya nuna abin dariya da ban tausayi: bayan maza biyu sun kara, wanda ya ci nasara yana yayyafa ɗigo ɗaruruwa ko'ina, wanda aka kayar kuwa ya matse nasa, ya je lungu ya zubar wuri ɗaya. Ko a fitsari ma akwai sarauta da talauci. In baƙo ya yi ƙarfin hali ya ɗiga nasa a yankin, mai gida zai zo ya kewaye shi da sababbi.

Mata su ne alƙalai. Tun 1959 Hilda Bruce a Landan ta gano cewa ɓera mai sabon ciki, in ta shaƙi warin baƙon namiji, cikin kan lalace. Ƙananan mata kuma warin babban namiji na gaggauta musu balaga.

Bahaushe ya ce in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari, ya raba laifin biyu, kuma ya yi adalci, don hanci ne ke jan ɓera. Jaɓa dai an ɗora mata kayan da ba nata ba: duk warinta ba dangin ɓera ba ce, ƙwari take ci, hatsi bai dame ta ba.

Shi ma ɓeran karatun hatimin wasu yake yi, ya ji fitsarin kyanwa ya canza hanya. Ana cewa abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi, to akwai irinsa. Wata ƙwayar cuta, toksoplasma, ba ta kammala rayuwarta sai a hanjin kyanwa. In ta shiga ƙwaƙwalwar ɓera sai ta cire masa tsoron wannan warin, ya riƙa kai kansa inda mage ke kwana.