Injin Yanka Katako: A Kiyaye Hannun Maigida

Uwargida, idan maigidanki kafinta ne, da hannunsa ake cefane, da shi ake biyan kuɗin awo. Injin yanka katako na tebur yakan cire yatsa nan take, musamman idan katako ya maƙale ya dawo da ƙarfi.

A Amurka, Steve Gass ya ƙirƙiro SawStop a 1999. Ana sa wa zarton lantarki kaɗan. Da zarar fata ta taɓa shi, birki zai tsayar da shi kafin ƙiftawar ido. Injin yana da tsada, saboda haka a tuna wa maigida:

1. Ya tura katako da sanda, ba da hannu ba.
2. Kada ya cire murfin zarto.
3. Ya tuɓe babbar riga kafin aiki.
4. Ya hana yara shiga shago.

Idan tsautsayi ya faru, a danne ciwon da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama. Ban da toka ko baƙin mai. Yatsan da ya fita a naɗe shi, a ƙulle a leda, a ɗora ledar kan ƙanƙara. Daga Tozai a garzaya Babban Asibitin Illela, a kuma tambayi allurar tetanus, irin wadda ake yi miki wajen awo.

Allah Ya tsare.