Wuƙa da Nama a Hannun Kamfanoni Huɗu: Muhawara Kan Cinikin Shanu a Amurka

A watan Oktoba na shekarar 2024, kamfanin sayar da abinci na McDonald's ya shigar da ƙara gaban wata kotun tarayya da ke Brooklyn a birnin New York, yana zargin manyan kamfanonin yanka shanu huɗu, wato Tyson da JBS da Cargill da National Beef, da haɗa baki tun daga 2015 wajen rage naman da suke fitarwa kasuwa domin ya yi tsada. Kamfanonin dai sun sha musanta irin wannan zargi. Abin lura shi ne mai ƙarar. A da makiyaya aka sani da wannan kuka, sai ga ɗaya daga cikin manyan masu sayen nama a duniya shi ma ya ce ana ƙwararsa.

Su dai waɗannan kamfanoni su ne ke yanka kimanin kashi 85 cikin 100 na shanun da ake turkewa domin nama a Amurka. A shekarar 1980, rabon kamfanoni huɗu mafiya girma kashi 36 ne kawai.

Birnin New York ya ga yadda aka yi aka zo nan. A farkon ƙarni na 20, unguwar Gansevoort da ke Manhattan, a bakin kogin Hudson, tana da mayanka da wuraren sarrafa nama wajen 250. Ko bayan da yanka ya koma Chicago da sauran garuruwan yamma, gundumi-gundumin nama ake kawowa a rataye, mahautan birnin su fasa, su cire ƙashi, su raba wa kantuna. To, a 1960 aka kafa kamfanin IBP a jihar Iowa, wanda ya gina mayankarsa kusa da wuraren turkar shanu, kuma daga 1967 ya soma sassara naman tun a can, ya ƙulle a leda, ya zuba a kwali. Ke nan aikin mahaucin birni ya kusa ƙarewa tun kafin mota ta iso. Ƙungiyar mahautan New York ta ƙi karɓar naman kwali. A 1970 kamfanin ya samu shiga ta bayan fage, kuma a 1974 wata kotu a birnin ta same shi da shugabansa Currier Holman da laifin ƙulla makircin ba da cin hanci ga jami'an ƙungiyar da na manyan kantuna. Hukuncin bai mayar da naman kwali inda ya fito ba. Tyson ya saye IBP a 2001, sa'an nan a 2024 hukumomin birnin suka ba da sanarwar cewa 'yan tsirarun dillalan naman da suka rage a Gansevoort sun amince su tashi, a gina gidaje a wurin. Gaskiya ne tsadar fili ita ma ta taimaka wajen korarsu.

Sai dai zuciyar muhawarar tana wajen yadda ake yanke wa sa kuɗi. Duk wanda ya taɓa shiga karar shanu a Potiskum ko Maigatari ya san cewa darajar sa daga tayi take fitowa: wannan ya taya, mai shi ya ce albarka, dillali ya jawo wani ya ƙara. A Amurka kuwa, akasarin shanun turka ba sa ganin irin wannan tayi. Tun kafin su isa yanka an ƙulla yarjejeniya da kamfani, a kan za a biya gwargwadon farashin da aka samu a cinikin fili na mako. Shi kuwa cinikin filin ya ƙanƙance, har bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin biyar ba. Makiyaya suka ce ai mai saye ɗaya ko biyu ya janye na 'yan makonni ya isa ya karya wannan farashi, wanda da shi ake auna sauran duka. Ga shi kuma san da ya gama ƙiba ba ya jira. Kullum yana cin abinci, kuma ba a kai shi nesa ba tare da ya rame ba.

Hujjar da suka fi kafawa ita ce gobarar da ta tashi a mayankar Tyson ta Holcomb a jihar Kansas cikin Agustan 2019. Mayanka ɗaya ta tsaya, sai farashin shanu ya faɗi, na nama ya hau. Haka aka sake gani a 2020, lokacin da cutar korona ta rufe mayanka da dama. Kamfanonin da wasu masana tattalin arziki suna cewa babu wani makirci a nan: idan wurin yanka ya yi ƙaranci, dole shanu su yi kwantai nama ya yi wuya. Suna ƙara da cewa babbar mayanka ta fi arahar aiki, kuma yarjejeniya tana sakanta wa mai kiwo mai kyau. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, amma ita ce kuma ke nuna haɗarin tara yanka a wurare kaɗan.

Doka tana nan tun 1921, wadda aka kafa bayan binciken gwamnati na 1919 a kan kamfanoni biyar na wancan zamani, cikinsu har da Swift da Armour. Cin nasara da ita ne ke da wuya. A 2004 masu taimaka wa alƙali a jihar Alabama sun ƙiyasta asarar makiyaya a kan sama da dala biliyan 1 a ƙarar da suka kai Tyson, amma alƙali ya soke hukuncin. JBS kuwa ya zaɓi sulhu, ya amince da biyan dala miliyan 52.5 a 2022 da miliyan 83.5 a 2025, ba tare da amsa laifi ba. Shugaba Joe Biden ya ware dala biliyan 1 a 2022 domin tallafa wa ƙananan mayanka, kana a Nuwamban 2025 Shugaba Donald Trump ya umarci ma'aikatar shari'a ta binciki manyan.

A halin da ake haka, fari da tsadar abincin dabbobi sun rage garken Amurka zuwa shanu miliyan 86.7 a farkon 2025, adadin da ba a ga ƙasa da shi ba tun 1951. Shanu suka yi tsadar da ba a taɓa gani ba, wuƙar ta ɗan koma hannun mai kiwo, Tyson ya yi ta tafka asara a ɓangaren naman shanu. A Nuwamban 2025 ya ba da sanarwar rufe mayankarsa ta Lexington a jihar Nebraska, mai yanka shanu kusan 5,000 a kullum, wanda hakan ya rage wa masu turka na yankin ɗaya daga cikin 'yan masu tayin da suke da su.